Iskar da Ta Shiga Injin Baba

Babanmu ba ya duka, ba ya zagi, ba ya ma ɗaga murya. In ka yi masa laifi, shiru yake yi maka. Za ka gaishe shi ya ɗaga hannu, ka kawo masa ruwan alwala ya karɓa, amma kalma ɗaya ba za ta haɗa ku ba. Yayana ya ɗanɗana wannan. Ya ɗauki babur ɗin Baba ba izini, ya yi ta yawo da shi babu baƙin mai har injin ya buga. Wata biyar Baba bai yi masa magana ba. In akwai abin da yake so ya sani, sai ya dube ni, Yaya yana tsaye a wajen, ya ce, "Gaya wa ɗan'uwanki." Ni ce 'yar aiken wannan shirun, saboda haka na san nauyinsa. Na ga yadda Yaya ya rame, ya daina cin abinci a tsakar gida, daga ƙarshe ya tattara ya tafi Kano neman aiki. Sun shirya daga baya, amma Yaya bai dawo da zama Daura ba.

Bayan Baba ya ajiye aikin koyarwa, ya sayi wani ɗan injin wanki mai amfani da wuta, mai launin ruwan ɗorawa, irin wanda ake wanke mota da shi. Mu kuwa ko mota ba mu da ita. Dardumomin masallacin unguwarmu ya saya wa. Duk ranar Alhamis da safe sai ya ɗauko biyu ko uku, ya shimfiɗa a ƙofar gida, ya wanke, su bushe kafin Juma'a. Injin yana da tiyo biyu: mai kauri da ke kai masa ruwa, da siriri baƙi da ke fitar da ruwan zuwa wani dogon mariƙi da Baba ke kira bindiga, don har kunama gare ta, sai ka matsa ruwa ke fita. In ya gama, ya goge shi, ya naɗe tiyo, ya kai ɗakinsa ya rufe da tsohon zanen gado. Bai taɓa cewa kada a taɓa ba. A gidanmu ba sai an faɗa ba.

Wata Laraba Baba da Umma suka tafi ta'aziyya garin Babban Mutum, suka ce sai bayan la'asar. Aka bar ni da kakata, mahaifiyar Baba, wadda muke kira Iya. Lokacin na gama sakandare ina zaman gida, duk aikin da aka rasa mai yi ni ake turo wa. Umma ta ce in fitar da kafet ɗin falo in wanke da buroshi. Ni ban iya aikin da ake durƙusawa ana gurzawa ba. Na jawo shi bayan gida, inda akwai siminti mai faɗi kusa da tsohuwar rijiyarmu da aka rufe, na gurza tsawon hannu ɗaya, na duba saura, na ji raina ya ɓaci. Ana haka na ji fankar falo ta fara juyawa. An kawo wuta.

Ban yi dogon tunani ba. Na ce minti goma ne, in goge in mayar.

Na sha ganin yadda Baba ke haɗa shi. Yakan ɗaura tiyo mai kauri a famfon da ke saukowa daga tankin sama, ya ɗaure da roba, ya buɗe famfon, sannan ya tsaya riƙe da bindigar, ya yi ta tsayuwa, kafin ya kunna. Ni na ɗauka tsufa ne kawai da son jan rai. Famfon yana can ƙofar kicin, nesa da inda na shimfiɗa kafet. Kusa da ni kuwa ga duro da ruwa ya kai rabi. Na cusa bakin tiyon a duron, na jawo waya ta taga, na kunna.

Ya yi tari sau biyu, sannan ya kama. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ruwan ya fito siriri da ƙarfi har bindigar tana tura hannuna baya, dattin shekara biyu yana gudu daga kafet ɗin ja-ja. Da na gama rabi sai zumuɗi ya ɗebe ni. Na fesa bango, na fesa turmin Umma, na fesa murfin simintin da ke kan rijiyar har gansakukar da ke gefensa ta tashi.

Sai ƙarar ta canza. Injin ya koma kamar mai shaƙuwa: ya ja, ya saki, ya ja, ya saki. Ruwan ya riƙa zuwa guntu-guntu, baƙin tiyon yana zillo yana dukan ƙafata. Kafin in ankara, ƙarfin ya tafi gaba ɗaya, abin da ke fita bai fi na bakin buta ba. Na leƙa duron. Ruwa ya ƙare, bakin tiyon yana kwance cikin laka da yashin da suka taru a gindi. Na kashe, na zubo bokiti biyu, na sake kunnawa. Shaƙuwar ta dawo. Na dafa jikin injin na ji ɗumi.

Babur ɗin da Yaya ya lalata na fara tunawa. Shi ma ƙara ce ta fara canzawa.

Na shiga yin duk abin da ya zo kaina. Na miƙe tiyon ko ya lanƙwashe, bai lanƙwashe ba. Na canza soket. Na kwance ɗan kan da ke bakin bindigar, na ɗauko allurar ɗinkin Umma na zura a hudar, na hura, na ɗaga ta sama na hango haske, na mayar. Na kunna, babu canji. Na buga masa tafin hannu a gefe kamar yadda muke yi wa rediyo.

Ƙwanƙwasar sandar Iya na ji a bayana. Ta tsaya ta dubi injin, ta dubi ni, ta dubi kafet.

"Uwar gaggawa, yau kuma gadon ubanki kika fara ci tun yana raye?"

Na ce ta rufa min asiri, ba lokacin wasa ba ne. Ta ce ita ba wasa take ba, tambaya take ko in ya daina min magana ita zan riƙa aikowa, don ƙafarta ba ta da lafiyar kai saƙo. Ta faɗa tana dariya, amma ta ga fuskata, sai ta bari. Ta zauna a kan turmin da na jiƙa, ta tashi da sauri tana zagina, ta koma kan kujera 'yar tsugunne.

Na kira Yaya. Hannuna a jiƙe yake, sai na buɗe muryar wayar na ajiye ta a kan bango. Da na gaya masa abin da na taɓa, ya yi wata 'yar dariya marar daɗi ya ce in shirya, wata biyar ba wuya. Na ce in ba zai taimake ni ba ya faɗa in kashe. Sai ya fara tambaya. Injin yana tashi? Yana tashi. Hayaƙi ko warin ƙuna? Babu, ɗumi dai. Ruwan a hankali yake fita ko yana yankewa? Yana yankewa, tiyo yana tsalle. Daga ina na ba shi ruwa? Na ce duro. Ya tambaya ko duron ya ƙare injin yana aiki. Na ce ya ƙare.

"To iska ce ta shiga," in ji shi. "Kin bar shi ya sha iska. Kada ki ƙara kunnawa haka, in famfon cikinsa ya ƙone an gama, ba a gyara shi. Abin da za ki yi shi ne…"

Wayar ta yanke. Na sake kira, ta ƙi shiga. Sau shida na kira. Na tura saƙo, bai tafi ba. Na tsaya da "an gama" a kunnena, ina lissafin sau nawa na kunna shi yana shaƙuwa. Huɗu. Ko biyar.

Da na juyo, Iya ba ta dariya. Ta miƙe tsaye, idonta a kan murfin rijiyar da ke ta sheƙi da ruwa.

Ta tambaye ni a hankali ko nan na fesa. Na ce eh. Ta tambaya ko na yi bisimilla, ko na yi sallama kafin in watsa ruwa a wajen. Ban yi ba. Ta ce tun tana amarya a gidan nan aka rufe rijiyar, kuma tun daga lokacin ba wanda ke zubar da ruwa a kanta kai tsaye, ko ruwan wanke-wanke sai an kauce. Ni kuma na zo na harbe ta da bindiga.

Na ce, "Iya, ba wannan iskar yake nufi ba. Iskar da muke shaƙa. Irin ta taya."

"Iskar taya ce ke sa tiyo ya yi tsalle shi kaɗai? Na gani da idona. Shi ma yaron da ke Kano bai gani ba ya faɗa."

Na buɗe baki zan yi mata bayanin da aka koya mana a aji, sai na rasa ta inda zan fara. Gaskiya ita ce tsikar jikina ta tashi. Rana tsaka ce, kaji suna kiwo, amma bayan gidan ya yi min wani irin tsit. Na san abin da Yaya ke nufi sarai, kuma duk da haka na ja ƙafata daga kusa da murfin. Sai dai ko da akwai wani abu a rijiyar nan, bai kai Baba ba ni tsoro ba. Da za a ce in zaɓa, in kwana a kan murfin ko Baba ya dubi Umma ya ce "gaya mata", da na ɗauko tabarmata.

Iya ta karɓi ragamar aikin, ni kuma ba ni da wata dabara, sai na bi. Ta ce a fara ɗauke shi daga wajen. Na kinkime shi zuwa ƙofar kicin. Ta ce ruwan duron nan a buɗe ya kwana, kada in ƙara ba shi, ruwa mai gudu za a ba shi daga tanki, wanda yake a rufe. Na ɗaura tiyon a famfo, na ɗaure da robar Baba. Na kai hannu zan kunna, ta buge hannun da sanda. Ta ce ƙara tana fusata su.

"Ba a korar su da faɗa. Hanya ake buɗe musu, su fita da kansu."

Ta sa na cire ɗan kan bindigar don ƙofa ta yi faɗi, na buɗe famfo, na matsa kunama, na juya bakin wajen magudanar ruwa. Ita kuma ta ɗebo garwashi a kasko, ta barbaɗa turare, ta ajiye gefen injin, ta zauna ta fara karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi.

Da farko ba abin da ya fito. Sai bindigar ta yi wani huci, ta tofar da ruwa, ta yi shiru, ta sake tofarwa. Duk tofi ɗaya Iya sai ta gyaɗa kai ba tare da ta yanke karatu ba. Bayan kamar minti ɗaya na ce ya isa haka, bari in gwada. Ta ɗora bakin sandarta a kan yatsuna ta danne. Sau bakwai za ta karanta, kuma Iya ba ta karatu da sauri. Hannuna ya ƙage, hayaƙin turare yana shiga idona, kunnena yana wajen ƙofa ko zan ji tsayuwar mota duk da na san lokaci bai yi ba. A zagaye na huɗu tofin ya ragu. A na shida ruwan ya miƙe, siriri, sumul, ba yankewa.

Ina kallon ruwan nan na gane tsayuwar Baba ta kowace Alhamis. Wannan yake yi. Ba tsufa ba ne. Na yi shekara ina kallonsa ina cewa a raina mutumin nan ya cika ɓata lokaci.

Iya ta shafa addu'a ta ce yanzu in kunna. Na mayar da kan bindigar, na goge hannuna a zane, na yi bisimilla da ƙarfi don ta ji. Yatsana yana kan makunnin na ji fankar falo tana rage gudu. An ɗauke wuta. Na danna duk da haka, na sake dannawa. Ba komai.

Na zauna a ƙasa cikin ruwan. Ban san ko iskar ce kaɗai ba, ko kuwa na riga na ƙone famfon cikin injin tun a kunnawa ta uku. Ba yadda zan sani sai wuta ta dawo, kuma a unguwarmu in an ɗauke da rana, sai gobe.

Iya ta ce in goge shi tas in mayar inda yake, ita ba ta ga komai ba. In kuma ya tambaya, za ta ce ita ta sa ni, ai ba zai yi wa uwarsa shiru ba. Na goge, na naɗe tiyo yadda yake naɗewa, na rufe da zanen gadon. Na koma na ƙarasa kafet da buroshi, a durƙushe, abin da na guje wa tun farko. Ina gurzawa ina ganin gobe: Baba a ƙofar gida, dardumomi a shimfiɗe, dattawan masallaci suna wucewa suna yi masa sannu, ya kunna injin ya ƙi. Zai tsaya yana tunanin me ya yi ba daidai ba. Sannan zai shigo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Na san kaina, ba zan iya riƙe fuskata ba.

Da suka dawo bayan la'asar, ban bari ya cire takalmi ba. Na durƙusa a zaure na faɗa duka a numfashi ɗaya: na ɗauki injin, na ba shi ruwan duro, ruwan ya ƙare, ya sha iska, na kunna shi haka sau huɗu ko biyar, mun fitar da iskar amma ban sani ba ko ya ƙone. Umma ta dafe kai. Baba ya dube ni, ya shaƙi ƙamshin turaren da har lokacin bai bar gidan ba, ya cire takalminsa ya jera su, ya wuce ɗaki.

Na kai masa abinci, ya karɓa. Na ce sannu da hanya, ya ɗaga hannu. Dab da magariba zai fita masallaci, ina tsaye a tsakar gida, tsakanina da shi bai fi taku uku ba, ya juya wajen Umma.

"Ce da ita ta rufe duron nan."

Na je na rufe duron. Ban ci tuwo ba ranar. Na fara ƙirga watanni a kaina, na ga har azumi zai zo ya wuce.

Washegari da hantsi aka kawo wuta. Na ji Baba ya fito da injin, na ji an jibge dardumomi a ƙofar gida. Ina kicin na kasa fita, na kasa zama. Iya ta ja kujerarta har bakin zaure ta ce ita sai ta ga aikinta. Can sai Umma ta leƙo ta ce yana yafito ni.

Na same shi a tsugunne. Bai dube ni ba. Ya kwance inda tiyo mai kauri ke shiga injin, ya sa ɗan yatsa ya zaro wata 'yar rariya da ba ta fi kan yatsan ba. Ban taɓa sanin tana wurin ba. Ta toshe da yashi har ba a ganin ramukanta. Ya kama hannuna ya buɗe tafin, ya ƙwanƙwasa rariyar a kai, yashin gindin duro ya zubo, jiƙaƙƙe. Ya wanke ta, ya mayar, ya ɗaura tiyo a famfo, ya matsa kunama, ya tsaya. Na tsaya tare da shi, yashi a hannuna, ban motsa ba. Wannan karon tsayuwar ba ta yi min tsawo ba, so nake kada ta ƙare, don ina tsoron abin da zai biyo baya.

Ya kunna. Injin ya ɗauka da murya ɗaya, ba tari, ba shaƙuwa. Ruwan ya daki dardumar har gefenta ya ɗaga. Ya bar shi ya yi aiki ɗan lokaci yana saurare, kansa a karkace. Sannan ya saki kunamar.

"Wa ya koya miki fitar da iska?"

Ni ya tambaya. Idonsa a kaina. Na ce Iya ce.

Iya ta ce daga inda take zaune, ƙwarai kuwa, ita ta fitar da su, kuma a gaya wa marar kunyar nan ta daina harbin rijiya. Baba ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi kaskon turaren da ke jingine a bango, gefen bakinsa ya ɗan motsa. Bai gyara mata ba. Ya miƙo min bindigar.

"Riƙe nan. Daga sama za ki fara, layi-layi. Kada ki yi sauri."

Na zubar da yashin na karɓa. Darduma uku muka wanke, sau biyu yana cewa na yi sauri in koma baya.

Da yamma waya ta shiga, Yaya ya kira yana ba da haƙuri, ya fara bayanin yadda ake fitar da iska. Na ce an riga an yi, injin yana aiki. Ya tambaya Baba fa. Na ce ya yi min magana yau da safe. Ya ce yau ɗin nan? Na ce eh. Na duba wayar ko ta sake yankewa. Ba ta yanke ba. Can ya ce to madalla, in gaida Iya.